Ranar da Muka Tattake Aikin Yaya Sanusi

A watan nan ne Yaya Sanusi ya cika shekara bakwai da rasuwa. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni New York, shi ya tsaya mini har na sami aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanda nake yi har yau. Duk shekara in lokacin ya zagayo, mutanenmu na zangon Kumasi da ke Bronx sukan taru a yi masa addu'a, a ci shinkafa da wake, kowa ya ce mutumin kirki ne. Ba ƙarya suka yi ba. Amma bana na gaji da jin wannan yabo daga bakin mutanen da ba su taɓa sanin abin da hannunsa ke yi ba, kuma ni ma ina cikinsu. Amana ɗaya tak ya bar mini da zai mutu: kada a taɓa kayan da ke garejinsa sai mai su ta zo. Abin da muka yi wa amanar nan nake so in faɗa, don ya daɗe yana damuna.

Da za ka tambayi mutanenmu sana'ar Yaya, za su ce maka fanel-bita ne, mai fitar da lotsawar mota. Shi kuwa in ya ji haka sai ya haɗe rai. Yaya ba gyaran jikin mota yake yi ba, ƙera shi yake yi daga babu.

Shi ya fahimtar da ni cewa a da can, kafin yaƙin duniya na biyu, babban attajiri ba ya sayen mota a gama. Kamfani zai sayar masa da shasi ne kawai, wato ƙarfen ƙasa da injin da tayoyi, tsirara, ba rufi ba kujera. Sai ya kai wa masu ƙera bodi, kamar yadda mutum ke kai shadda wurin tela. Su kuma masu ƙera bodin yawanci gadon keken doki suka yi, da aka daina yayin doki suka koma kan mota. Za su auna tsawon ƙafar mai motar. Za su tambayi irin hular da yake sawa, don kada ta riƙa gogar rufi. Za su tambaya ko uwargida tana so a hango ta daga waje ko ba ta so. Daga nan kafinta ya haɗa ƙwarangwal na katako, maƙeri ya bugo fallayen alminiyam da guduma, ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe katakon da su. Da wuya ka sami biyu iri ɗaya sak. Bayan yaƙi sai kamfanoni suka koma danno jikin mota da manyan injuna, shasi da bodi a haɗe, masu guduma suka rasa abin bugawa. 'Yan kaɗan da suka rage suka koma raya tsofaffin motocin da kakanninsu suka ƙera.

Abin da ke ba Yaya dariya shi ne, sana'ar da ta mutu a Turai tana nan da ranta a Kumasi. Lokacin muna yara manyan motoci tsirara suke tahowa daga bakin teku, direba na zaune kan akwatin katako, iska na dukansa, har a kawo su Magazin, unguwar makanikai, a yi musu bodin katako. A nan Yaya ya koyi aiki, ya fara da katako, ya koma kan falle. Bai san cewa abin da yake yi wa motar ɗaukar doya shi ake yi wa motar masu ƙasa ba, sai da ya zo nan.

Tasi ya fara ja, kamar kowa. Wata rana ya sauke wani tsohon Ba'italiye a ƙofar garejinsa, can ƙasan Bronx. Ƙofar a buɗe take, Yaya ya hango wata tsohuwar mota an kware mata fata, katakon cikinta a waje. Ya bar tasinsa a kunne a bakin titi ya shiga, ba wanda ya kira shi. Ya shafa ginshiƙin ƙofar, ya gaya wa tsohon da Turancinsa na Magazin cewa wanda ya haɗa gaɓar nan ya yi ha'inci, da an hau hanya za ta fara kuka. Tsohon sai ya miƙo masa kurfin sassaƙa. Yaya bai sake jan tasi ba. Mutanenmu suka ce an yi masa asiri. Wa zai bar sitiyari ya koma duka da guduma, a Amurka?

Shekara goma sha wani abu ya yi a wurin tsohon. Kayan aikinsa ba su da wani kwarjini: gudumar katako iri-iri, jakar fata cike da yashi, da wani kututture da aka fafe kansa kamar turmin da bai yi zurfi ba. A kan waɗannan yake lanƙwasa falle har ya zama marfin taya mai tsawon mutum. In yana so ya san ko wuri ya yi daidai, rufe ido yake yi, ya bi shi da tafin hannu. Ya ce ido maƙaryaci ne, fenti na ruɗarsa. Kuma har ya mutu bai yarda da fila ba, ƙullun nan da ake cusawa a rami a goge a fesa fenti. Sunan da ya sa mata kwalliyar munafukai.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Tun yana raye ba ya shiga dogayen fararen motocin nan da muke haya ranar biki. Ya ce an tsinka mota gida biyu an yi mata ƙari a tsakiya, kamar zanen da bai isa ba, kuma mu ga mu nan muna ɗaukar hoto a jikinta muna aika wa gida. To yanzu abin ya wuce nan. Ka bi ta garejojin da ke kusa da University Heights ka saurara, ba za ka ji guduma ba. Roba ce ta fashe, a danna waya a kawo wata robar, a maƙala. Yaranmu masu tasin da ake kira ta waya duk baƙar mota iri ɗaya suke ja. Ranar Juma'a in an fito masallaci sai ka ga ƙato ya ɗaga makulli sama yana dannawa, yana jira motarsa ta amsa, don shi kansa bai gane ta ba. Su kuma manyan kamfanonin, na ji sun dawo da tallar wai za su yi maka mota taka kai kaɗai. Da na bincika, yawancin abin bai wuce ka zaɓi launin fata a ɗinka sunanka a matashin kujera ba. Yaya da tsaki kawai zai ja, ya ɗauki butarsa.

Amma ba ni da bakin zagin kamfani. Kamfani bai san Yaya ba. Mu muka san shi.

Da tsohon Ba'italiyen ya ga ƙarfinsa ya ƙare, ya rufe gareji, ya bar wa Yaya aiki ɗaya da bai iya farawa ba. Wata Baturiya ce, tsohuwa, ta gaji motar mahaifinta, irin ta zamanin can. Motar ta shekara da shekaru a rumfar da ke yoyo, katakon ya ruɓe, fallayen sun cinye. Shasin ne kawai ya tsira, aka kai shi wani gari ana tayar da injin. Abin da matar ke so kafin ta mutu shi ne ta sake zama a bayan motar, inda take zama tana yarinya. Hotuna uku ta ba Yaya, da su da awon shasin ya yi aiki. Ya kama wani ƙaramin gareji a ƙasan wani gida a Highbridge. Ranakun mako yana wurin masu fila yana neman abinci yana ƙunƙuni, Asabar da Lahadi yana Highbridge. Shekara shida yana wannan. Kuma ya gindaya mata sharaɗin maigidansa na Magazin: mai mota ba ya ganin bodi sai an gama, ba a kuma ɗaukar hoton aikin da bai ƙare ba, saboda baki. Matar ta yi dariya ta yarda.

A tsakiyar sanyi ciwon ya kwantar da shi. Na je asibiti bayan na tashi aiki, ya ciro makulli daga ƙarƙashin matashi ya danƙa mini.

"Ladi, riƙe wannan. Kayan gareji ba nawa ba ne, na tsohuwar nan ne. Ta tafi can inda ake ɗumi, in sanyi ya wuce za ta zo, ta san wurin. Kar kowa ya taɓa koraa, ko kaɗan. Kin ji?"

"Na ji, Yaya. Kai za ka ba ta da hannunka ma."

Ban tambaye shi sunanta ba, ban tambayi lambarta ba, don ban ɗauka tafiya zai yi ba. Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Mutanenmu sun yi abin da suka iya, ban hana musu ba. Sun yi wanka, sun yi sutura, sun cika ɗakina a Parkchester har kan matakala. Da aka yi sadakar arba'in sai maganar kaya ta taso. Matar Yaya da 'ya'yansa suna Aboabo, can Kumasi, suna bugo waya. Mai gidan Highbridge yana son garejinsa. Malam Seidu, limaminmu, ya zo da Alhaji Mumuni, wanda sana'arsa aika kwantena ce zuwa Tema, tashar jirgin ruwan Gana, suka ce in kawo makulli a ga abin da ke ciki. Na gaya musu abin da Yaya ya ce, kalma da kalma.

Malam Seidu ya ce, "Hajiya, an jira kwana arba'in. Ba takarda, ba suna, ba lamba. Mamaci ba ya hutawa sai an sauke mishi kaya."

Muka je da hantsi, ranar wata Lahadi, da wasu maza huɗu masu yi wa Alhaji lodi. Suka ɗaga ƙofa. Komai a naɗe yake cikin tsofaffin barguna, an jera a jikin bango, kowane yanki daban. A tsakiya ga ƙwarangwal ɗin katako. Suka fara yaye bargunan. Ni dai ina bakin ƙofa, na juya wa ciki baya, don warin wurin warin rigunan Yaya ne, ban iya jurewa ba.

Alhaji Mumuni ya ƙwanƙwasa falle ɗaya da zobensa, fuskarsa ta washe.

"Ei, Hajiya! Wannan almi ne mai kyau paa. Ina da kwantena zai tashi Juma'a, akwai ɗan sifes, ɗan wuri ya rage. A kai Aboabo, masu zubin tukwane su yi manya-manya, a sa sunan marigayi a jiki. Duk suna, duk biki, duk rasuwa a unguwa, lada na tafiya mishi. Ai ya fi landlod ya zuba a shara."

Malam ya ce sadaka mai gudana ke nan. Mazan suka ce masha Allah. Na sake cewa, a hankali, Yaya ya ce a jira sanyi ya wuce. Ba wanda ya yi mini tsawa, ba wanda ya ƙwace makulli. Shiru kawai suka yi, irin shirun da maza ke yi wa mace mai makoki har ta gaji. Ni kuma na gaji. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, a zuciyata ni ma abin da suka gani na gani: ƙarafa da katako, da wani wan da ya ɓata Asabar ɗinsa shekara shida yana wa Baturiya bauta. Na ce to.

Wanda bai san aikin kwantena ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurin masu lodi, ba abin da suka tsana kamar wurin da ba komai a ciki. Firiji sai an cika shi da takalma, mota sai an danƙare ta da katifu har rufi. Duk abin da ke da ciki, ko a cika shi ko a baje shi. Marfin tayar da Yaya ya yi kuwa ciki ne gaba ɗaya, ga tsawo ga lanƙwasa, ba ya jeruwa da komai. Sai suka kifa shi a kan siminti, maza huɗu suka hau da takalman sanyi. Suna tsalle, suna riƙe kafaɗar juna don kada su zame, har da dariya. Suka yi wa na biyu haka, da na uku, da na huɗu, da ƙofofi, da bonet, da rufi. Ƙwarangwal ɗin kuma suka sa masa zarto, suka yanka guntaye da za a tokare tayoyin motocin da ke cikin kwantena. Kafin azahar an gama. Alhaji ya ce aikin ya yi albarka, duka ya shige bayan wata katifa.

Ni ban duba ba. Ƙarar kawai na ji, kuma ita ce ba ta bar ni ba har yau.

Sati uku bayan nan itatuwa suka fara toho, wayata ta yi ƙara. Mai gidan Highbridge ne ya ba ta lambata. Muka haɗu a ƙofar garejin, wanda lokacin an riga an cika shi da kayan wani. Ta haura tamanin, tana dogara sanda, wata jikarta ta kawo ta. Ta zo da furanni, don mai gidan ya gaya mata Yaya ya rasu. Bai gaya mata sauran ba, ni ya bar wa.

Aikina ne lallashin tsofaffi. Na iya ce wa tsohuwa ɗanta zai zo gobe alhali na san ba zai zo ba. A hanya na shirya ƙarya har kala uku: gobara, ɓarayi, ruwa. Da ta riƙe hannuna tana yi mini ta'aziyya, tana cewa ba ta taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba, sai duk suka zube. Na gaya mata yadda aka yi, har takalman.

Ta nemi wurin zama, jikar ta jawo mata wani bokiti ta kifa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ambaci kotu ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Ya gama?"

Na ce, "Ya ce saura fenti."

Ta gyaɗa kai. "To ke kin gan ta. Faɗa mini yadda take. Bayanta ya sauko kamar na hoton? Tagar gefe ƙarama ce? Ni a nan nake jingina kaina."

Ban san ko tana da tagar gefe ba. Ban san komai ba. Ta jira, ta jira, sannan ta miƙo mini furannin ta ce in kai masa. Jikar ta kama ta suka tafi. Bayan shekara biyu na yi ƙarfin hali na buga lambar don in nemi gafara yadda ya kamata, jikar ta ce ta rasu.

Bara na je Kumasi, na ga tukwanen. Guda tara ne, manya, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ana dafa ƙafar saniya a ɗaya. Matan unguwa suka kewaye ni suna sa albarka, suna nuna mini sunansa a jiki. Na tambayi wani malami a can, a keɓe, ko sadakar da aka yi da kayan wani tana isa ga mamaci. Ya ce sai mai kayan ya yafe. Na ce mai kayan ta mutu. Ya ce to sai dai a bar wa Allah, ya juya ga mai tambaya na gaba.

A addu'ar bana, Lahadin da ta wuce, Alhaji Mumuni ya miƙe kamar yadda ya saba duk shekara, ya ba da labarin tukwanen, ya nuna hotonsu a waya. Ya ƙara da cewa har yanzu mai zubin yana tambayarsa ko akwai sauran irin wannan almi, don bai taɓa samun wanda ya narke da tsabta haka ba, ko datti babu. Jama'a suka yi kabbara. Na duba fuskokinsu, kowa ya ji daɗi tsakani da Allah. Wannan ne yabon da aikin Yaya ya samu a duniya, cewa ya narke da kyau. Na tashi na shiga banɗaki na tsaya har aka shafa.

In na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Motocin da ya raya a wurin tsohon suna gidajen masu su, ba sunansa a jikin ko ɗaya, ba kuma wanda zai bar ni in shiga in gani. Gudumominsa sun tafi Aboabo, ɗansa ya ce ba ya so, direban tasi yake son zama. Akwai gaskiyarsa, wadda wata baƙuwa ta shaida a kan bokiti. Allah ya jiƙansa da ita, ya sa ta ishe shi, don tukwanenmu ban san inda suka nufa ba.

Saura abu ɗaya, wanda ban gaya wa tsohuwar ba, ban gaya wa kowa ba. Wata biyu kafin ya kwanta, Yaya ya ɗora duk fallayen a kan katakon, motar ta tsaya cif, kafin ya sake kwance ta don gugar ƙarshe. Sati biyu ta yi a tsaye. Mutumin da ya hana mai mota gani, ya hana hoto, ya hana kowa leƙe, ni kaɗai ya kira. Sau uku ya bugo. Ya ce, "Ladi, zo ki ga abin da wanki ya yi. Ke kaɗai." Daga Parkchester zuwa Highbridge bas biyu ne. Na farko na ce ina aiki. Na biyu na ce ana ruwa. Na uku ina gida, ba abin da nake yi, kitso ake mini. Na ce masa, "Yaya, mota ce fa, ba gudu za ta yi ba."

Ya ce, "Haka ne." Ya kashe wayar.